Birkin Babanmu

A falonmu, daidai gaban kujerar da Baba yake zama, akwai wani wuri da ledar ɗaki ta cinye har siminti ya leƙo. Faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba, kuma tafin ƙafar ne ya yi shi. Sau uku Mama tana canza leda, sau uku wurin yana dawowa. Baƙi sukan zaci ɓera ne. Mu kuwa mun san aikin ƙafar Baba ta dama ne, domin shekararsa talatin da ɗaya yana koyar da tuƙin mota, kuma ƙafar nan ba ta san an tashi daga aiki ba. In ni da ƙanwata muka fara musu, sai ya taka. In miji da mata suka ɗaga murya a talabijin, sai ya taka. Ran da Mama ta ce yayarta za ta zo ta yi mana wata biyu, sai da kujerar ta ja da baya.

A unguwa Malam Birki ake ce masa, amma a bayan idonsa. Motarsa ƙarama ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara, da jan harafi manne gaba da baya don mai hankali ya ba ta hanya. Abin alfaharinsa a cikinta shi ne birki na biyu, wanda wani mai walda ya dasa masa a ɓangaren fasinja tun kafin a haife ni. Motoci uku ne suka mutu a hannunsa, birkin yana nan daram. Duk wadda ya saya, sai an ciro shi daga gawar ta baya an ɗaura mata kafin ya yarda tasa ce.

A gida Baba ba ya magana. Ba fushi ba ne, haka Allah ya yi shi. Na taɓa zama na ƙirga abin da ya faɗa daga safe zuwa yamma a wata ranar hutu, na samu "lafiya lau", da "to", da "madalla", da "wa ya bar fankar nan a kunne". Amma da zarar ya zauna a kujerar fasinja ya ja bel ya ɗaura, sai bakin ya buɗe kamar famfon da ya lalace. Ɗalibansa kan fito daga darasi sun san ra'ayinsa a kan ciwon gwiwa, da tarbiyyar zamani, da yadda ake gane kankana mai zaƙi. Ya koya wa wata tsohuwar shugabar makaranta tuƙi shekara huɗu cur, ba ta samu lasisi ba, amma har yau tana aiko masa da gaisuwa. Ya koya wa wani ƙaton mahauci da ke rufe ido duk lokacin da babbar mota ta tunkaro. Bai taɓa yi wa ɗayansu tsawa ba. Yakan ce shi ba fuskar ɗalibi yake kallo ba, hannunsa yake kallo a kan sitiyari, don fuska tana iya yi masa ƙarya.

Ita kanta Mama ɗalibarsa ce. A darasi na tara, tana fama da ribas tsakanin tsofaffin tayoyi biyu da ya jera a fili, sai ya ce, idonsa a madubi, "Karya sitiyari hagu. Ina so in aure ki. Sannu a hankali, saki kuloci." Mama ta haye taya ɗaya ta ce to. Daga ranar ba ta sake tuƙi ba, ta ce abin da ta je nema a motar ta samu.

Mu biyu suka haifa, ni da Auta. Ni ce mai baki, ita ce mai kai. Shekararta ashirin da biyu lokacin, tana ajin ƙarshe a jami'a, kuma kullum da safe Baba ne ke ajiye ta a bakin get kafin ya je ɗaukar ɗalibinsa na farko. Ni kuma ina aiki a shagon buga takardu, inda nake yini da injin fotokofi mai cin takarda da gangan in ya ga layi ya yi tsawo.

Wata Litinin da misalin ƙarfe goma, lokacin da ya kamata a ce tana aji, sai ga Auta ta shigo shagon. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zagaya bayan injin ta zauna a kan katan ɗin takardu, ta sa hannuwanta a tsakanin gwiwoyi. Na taɓa su na ji sanyi ƙalau, alhali shagon kamar gidan burodi yake don zafi.

"Ke lafiya?" na ce.

"Yaya, wata biyar ke nan ban shiga aji ba."

Ta faɗa min komai a nan bayan injin, a hankali, tana kallon ƙasa. Ya fara ne wata rana ana cikin lacca, ƙirjinta ya matse, zuciyarta ta kama bugu kamar za ta fito, numfashi ya ƙi isa, ta tabbata mutuwa ce ta zo. Ta fita ta shige banɗaki har abin ya lafa. Ya sake dawowa bayan kwana uku, ba dalili. Daga nan ƙofar ajin kanta ta fara ba ta tsoro. Yanzu in Baba ya ajiye ta, sai ta je bayan ɗakin karatu ta zauna a kan benci har a tashi. Abinci ba ya mata daɗi, barci ba ya hutar da ita. A ƙarshe ta je wajen matar da ke ba ɗalibai shawara, wadda ta ce mata wannan ciwo ne, yana da suna, yana da magani, sai ta ga likita. Ta kuma ba ta takardar ɗage karatu zuwa baɗi. Sai dai dole wanda sunansa ke cikin fayil ɗinta a matsayin uba ya sa hannu, a mayar kafin sha biyun ranar Juma'a. In ba haka ba, za a ɗauka ta gudu ne, shekara huɗu su bi ruwa.

Ni da nake ganin kaina wayayyiya, ni da nake buga wa mutane takardun wayar da kai a kan irin wannan ciwon, ga abin da ya fito daga bakina: "Kin karya kuwa?" Da na ga bai isa ba sai na ƙara da, "Ki daina yawan tunani mana." Ta ɗago ta kalle ni. Har yau in na tuna kallon nan kunya nake ji.

Don in wanke kaina sai na kawo dabara. Sa hannun Baba dogo ne mai lanƙwasa uku, amma na san shi, kuma ga injuna a gabana. Na ce ta ba ni takardar, minti biyar an gama.

"Ba sa hannun nake nema ba, Yaya," ta ce. "So nake ya sani. Na gaji da ɗaga masa hannu a bakin get ina murmushi."

Muka fara da Mama, don ita ce mai sauƙi. Ta saurara har ƙarshe, ta tafa hannu ta ce, "Wayar nan ce!" Ta ƙwace wayar Auta ta jefa cikin tukunyar da ba a girki da ita, ta rufe da murfi. Ta haɗa mata shayi da sukari cokali huɗu. Tana miƙa mata ta ga yadda kofin ke kaɗawa a hannunta, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, har Auta ce ta koma lallashinta. Da ta share hawaye ta ciro wayar ta mayar mata, ta ce, "Saura babanku."

Ranar Talata bayan cin abincin rana Auta ta durƙusa gefen kujerarsa ta ce, "Baba, akwai maganar da nake so mu yi." Ƙafar ta taka leda. Ya karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa, ya ce, "Kamar taya na sace iska." Ya fita. Ranar Laraba ta sake gwadawa, ya tashi ya je ya wanke motar da ya wanke da safe. Raina ya ɓaci sosai. Na ce wa Mama mutumin nan da gangan yake yi.

"Da gangan mana," in ji Mama. "Yau kika san shi? Babanku ba a kama shi a gida. Ku sa shi a mota, ku ɗaure shi da bel."

Auta ta taɓa yin darasi goma sha biyu a hannunsa tana shekara sha takwas, ta gudu saboda surutu. Don haka da ta ce masa tana so ta ƙarasa koyon tuƙi, murna ta kusa kashe shi. Ya ɗaga darasin wani ɗalibi na ranar Alhamis, ya goge rigarsa da kansa. Ni kam na ja ta gefe na ce anya za ta iya riƙe sitiyari a wannan hali. Ta ce mota ba ta ba ta tsoro, aji ne ke ba ta.

Alhamis da hantsi muka fito. Ya zauna, ya ja bel, ya gyara murya.

"Kafin mu tashi, doka ta farko. A motar nan ba ni da 'ya, ɗaliba nake da ita. Malam za ki ce min."

"To, Malam."

Ya waiwayo ya gan ni a kujerar baya. "Ke kuma fa?"

"Rakiya na zo."

"Madalla. Mota tana son nauyi a baya. Ki zauna a matsayin kaya."

Na haɗiye wannan don Auta. Ta tayar da mota, ta duba madubi, ta sa sigina, muka hau titi lafiya lau. Baba ya fara bayani a kan direbobin da ke tuƙi da hannu ɗaya, daga nan ya gangara kan surukin wani abokinsa. Auta ta jira ya tsaya shan iska, ta ce, "Malam, wata biyar ke nan da..."

Ƙiii! Goshina ya daki bayan kujerarsa.

"Kaza," in ji Baba.

Na leƙa. Akwai kaza, gaskiya ne. Tana can ƙetaren titi, cikin keji, a gaban shagon mai sayar da ita.

Muka sake tashi. Muka wuce gidan mai, muka wuce layin masu gyaran waya. Auta ta ja numfashi ta ce, "Baba, a makaranta ba na..."

Ƙiii! Goshi ya koma inda ya baro.

"Malam za ki ce. Kuma akwai rami a nan."

"Babu rami, Malam."

"Da akwai. Bara aka cike shi. Direban kirki yana tunawa."

Karo na uku ko sunansa ba ta ƙarasa kira ba ya taka, har wani mai keke da ke bayanmu ya sauka ya zo ya tambaya ko mutuwa motar ta yi. Baba ya ce masa gwada birki yake. Zuciya ta ciyo ni.

"Haba Baba, don Allah! Yarinyar nan magana take son yi maka!"

"Kaya ba ya magana," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Daga inda nake zaune ina ganin ƙeyarsa. Gumi ne ke gangarowa cikin wuyan rigar da ya goge, ga gilashi a sauke, iska na shigowa. Sai na gane ba taurin kai ba ne. Ya san wata magana na tafe, ya san ba irin wadda ake ɗaure wa da sifana ba ce, kuma tsoronta yake ji. Tausayinsa ya kama ni, amma bai kai ya rage min zafin goshi ba.

A haka muka tunkari babban shataletale, mai hanya biyar, da busasshen famfon ado a tsakiya. Baba ya ga wurin fakewa, ya gyara zama ya shiga karatu.

"Yauwa. Nan ne ake gane direba. Doka ɗaya ce: in kin shiga, babu tsayawa. Wanda ya taka birki a cikin shataletale ya gayyato na bayansa su shigo masa but ɗin mota. Ko ni ba na takawa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ba, duba." Ya ɗauke ƙafarsa daga kan birkin ya cusa ta ƙarƙashin kujera, kamar yadda yake nuna wa kowane ɗalibi. "In kin kuskure hanyarki, ki sake zagayowa. Ba wanda zai kama ki. Ta uku za mu bi."

Auta ta shiga. Da gaske ta kuskure ta ukun, don wata motar haya ta matse ta.

"Ba komai," in ji Baba cikin jin daɗi. "Kin gani? Zagayo."

Ta zagayo. Muna dab da hanyar sai ta ɗaga ido ta kalle ni ta madubi, ta kalli ƙafar Baba da ke ƙarƙashin kujera. Ta wuce hanyar, ko sigina ba ta sa ba.

"Kin sake wucewa."

"Na sani, Malam. Wata biyar ke nan ban shiga aji ba."

Gwiwarsa ta zabura. Ya sa hannu ya danne ta. "Fita ta gaba."

"Ka ce in ban shirya ba in zagayo. Ban shirya ba."

Ta fara daga farko, idonta a kan titi, hannunta biyu a kan sitiyari yadda ya koya mata. Ta faɗa masa na lacca, da na banɗaki, da na benci. A zagaye na huɗu mai sayar da ayaba da ke bakin hanya ta biyu ya lura da mu. A na biyar ya ɗago mana ayaba. A na shida ya rage mana farashi da yatsu. Jami'in da ke ba da hannu, wanda shi ma tsohon ɗalibin Baba ne, ya ƙame ya sara mana, da muka sake zuwa ya ɗaga murya ya ce, "Malam, sabon darasi ne?" Baba ya ɗaga masa hannu ɗaya, ɗayan yana kan gwiwa. Ni kuwa na kama hannun ƙofa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Da ta zo kan maganar likita, Baba ya yi magana karo na farko cikin zagaye uku.

"Wa ya ce 'yata ta haukace? Faɗa min sunansa."

"Ba wanda ya ce, Baba. Ni ce na zaci haka, shi ya sa na yi shiru."

Wannan karon bai ce ta kira shi Malam ba. Muka sake wuce mai ayaba, wanda yanzu ya kira maƙwabcinsa mai faci suna kallo tare.

"Kullum in ka ajiye ni," ta ce, muryarta ta fara rawa amma motar tana kan layinta, "ina ɗaga maka hannu, ina tsaye har ka sha kwana, don kada ka ga ba ciki na nufa ba. Akwai safiyar da in na farka haushi nake ji na farka. Ba na so in zama haka. Ina so in warke, kuma ba na so in warke a ɓoye."

Muka ƙara yin zagaye ɗaya cur. A na goma sha ɗaya Baba ya ce, a hankali, "Sa sigina, Auta. Na ji ki."

Ta fita ta hanyar da ba tamu ba, ta tsaya ƙarƙashin wata bishiya gaban shagon mai kayan gini. Baba ya kwance bel, ya ce inji ya yi zafi, ya fita ya ɗaga bonet ya ɓuya a bayansa. Injin lafiyarsa ƙalau. Ta 'yar tazarar da ke tsakanin bonet da gilashi ina hango kafaɗunsa suna motsi. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ranar ma ban ga fuskar ba, kafaɗun kawai na gani, kuma sun ishe ni. Na sa kaina a bayan kujera na yi nawa.

Ya fi minti goma kafin ya dawo. Da tsumman duba baƙin mai ya share ido, don haka ya shigo da baƙin zane daga kunne zuwa kunne. Ba wadda ta iya gaya masa. Ya zauna ya kalli hannuwan Auta da har lokacin ke kan sitiyari.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "ina gane tsoro a hannun 'ya'yan mutane tun kafin su san suna jinsa. Ban taɓa ce wa ko ɗaya ba komai ba ne. Tawa kuma kullum tana miƙo min shayi yana zuba a faranti, na ce wa kaina kofin ne ya yi zafi." Ya ɗago ya kalle ta. "Na gani, Auta. Na ƙi dubawa ne. Ki yafe min."

Auta ta gyaɗa kai. Ni na zaro takardar daga jakata na miƙa gaba. Ya sa tabarau ya karanta ta tun daga tambarin makaranta har ƙananan rubutun ƙasa, ya gano kuskuren rubutu guda biyu ya nuna mana. Sannan ya nemi wuri mai tauri da zai ɗora, bai samu ba sai tsakiyar sitiyari. Ya miƙa ya ɗora, ya danna biro. Hon ya ɗauka. Na ce muku sa hannun Baba dogo ne mai lanƙwasa uku, kuma ba ya gaggawa a kansa. Mai kayan gini ya fito da gudu, karnuka suka amsa daga bayan layi, Auta ta kifa kai tana dariya da hawaye a haɗe, shi kuwa bai ɗaga biro ba sai da ya ɗiga ɗigonsa na ƙarshe.

Juma'a tun ƙarfe takwas ya kai takardar da kansa, ya tsaya sai da aka buga mata hatimi a gabansa.

Ba zan ce daga nan komai ya daidaita ba. Maganin farko ya riƙa sa ta barci da rana, sai da likita ya canza. Akwai makonnin da ta yi kamar ta warke, sai abin ya dawo a layin kanti ko a cikin motar haya, ta koma gida tana jin ta koma farko. Sai da shekara ta zagayo ta iya zama a aji daga farkon lacca zuwa ƙarshe. Shi kuma Baba, da ya tashi gyara sai ya zarce. Ya tara takardun bayanin da ake rabawa a asibiti ya cika aljihun mota da su. Ya hana Mama cewa "ki daina tunani", har ya kafa mata tarar wanke-wanke. Ɗalibi ba ya tayar da mota sai ya amsa yadda ya kwana da yadda zuciyarsa ta kwana, abin da ya sa wani ɗan kasuwa ya yi darasi guda yana ba shi labarin rabuwarsa da ɗan'uwansa, motar ba ta motsa daga inda take ba. Auta kuwa yakan leƙa ɗakinta ya ce "ya jikin" sau goma kafin azahar, har ta roƙe shi don girman Allah ya rage zuwa uku.

Amma ranar da ta fi zauna min ita ce ta farko da muka kai ta wajen likita. Wani dogon baranda ne mai kujerun roba a jere, da agogon bango da ya tsaya. Baba ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya riƙo biro da ɗan littafi, ya rubuto tambayoyi har shafi biyu. Da ma'aikaciyar ta leƙo ta kira Auta, ya riga ta miƙewa.

"Ni kaɗai zan shiga, Baba," ta ce.

Mutumin da bai taɓa barin ɗalibi ya ja mota taku ɗaya ba shi a gefe ba, ya koma ya zauna. Ta shiga, aka rufe ƙofa. Ya juya littafin a hannunsa, ya sa a aljihu, ya ciro, ya mayar. Ya kalli ƙofar har na zaci zai huda ta. Ni na ciro waya ina latsawa, ina jin daɗin cewa nawa aikin ya ƙare.

Can sai na ji ya ce, "Ke fa?"

"Ni me, Baba?"

"Ke lafiya kike?"

Na yi dariya. "Lafiya lau mana. Ni ai ka san ni."

"Haka ita ma ta yi wata biyar tana ce min."

Ya tashi ya ɗaga kujerar robarsa, ya juyo da ita ta fuskance ni, ya zauna har gwiwarsa tana taɓa tawa. Na nemi wata maganar barkwanci in kare kaina da ita, irin wadda ba na rasawa, na rasa.

"Ma'aikaciyar ta ce za su yi minti arba'in," in ji Baba. "Ba inda za ni."